Ku Tambaya Mu Amsa: Haɗa Kwamfutoci, Ƙarewar Data da Cinikin Intanet

Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan watan daga masu ƙananan sana'o'i ne da ɗalibai. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Kwamfutoci shida gare ni da firinta guda. Da filash muke kwasar aiki daga wannan zuwa waccan, ƙwayar cutar kwamfuta ta addabe mu. Ina so in haɗa su, su yi amfani da intanet ɗaya da firinta ɗaya. Me zan saya, kuma tsakanin Wi-Fi da kebul wanne ya fi? — Mai shago, Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kebul ya fi, nesa ba kusa ba. Kwamfutar da ke zaune kan tebur ba inda za ta je, don haka a ɗaure ta da kebul, a bar wa wayoyin hannu da laftof Wi-Fi.

Na'urori biyu ne ginshiƙin aikin, kuma mutane kan rikita su. Suwic shi ne mahaɗar cikin shago: kowace kwamfuta ta jawo kebul ɗinta ta soka a jikinsa, shi kuma ya riƙa miƙa saƙo tsakaninsu. Rauta ita ce ƙofar fita zuwa intanet, ita ce kuma ke raba wa kowace na'ura lambar da za a san ta da ita. Ka tabbata rautar da za ka saya, ko wadda kake da ita, tana da ramin kebul a bayanta mai rubutun LAN. Yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da shi, ba za su yi maka wannan aikin ba.

Yanzu ka ƙirga ramuka. Kwamfuta shida, firinta ɗaya, sai kebul ɗin da zai tafi rauta: takwas ke nan cif. Suwic mai rami takwas zai cika tun ranar farko, to idan kana da niyyar ƙara ko da kwamfuta ɗaya ce, sayi mai rami 16. Ka nemi wanda aka rubuta wa 10/100/1000, wato gigabit. Sai kebul Cat6, da kawunan RJ45 biyu ga kowane kebul da rarar kamar goma saboda kuskure, da filayar matse kan, da 'yar na'urar gwajin kebul mai fitilu takwas.

A wurin sayen kebul ake yawan cutar mutane. Akwai wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, ana rubuta CCA a kwalinsa, wani lokaci ma ba a rubutawa. Ka feƙe silin waya ɗaya da reza tun a gaban mai kaya. Idan cikin ya fito fari, ajiye shi. Yana karyewa da wuri, kuma aikinsa kan raunana in tafiyar ta yi tsawo. Ko da na jan ƙarfe zalla ne, kada kebul ɗaya ya wuce mita 100. Kada a jera shi kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, kuma a sa shi cikin bututun roba saboda ɓera.

Silin waya takwas ne a ciki, kuma jerinsu ba a yin sa da ka. Riƙe kan RJ45, 'yar maƙalarsa na kallon ƙasa, ƙarafunansa na gabanka, ka jera daga hagu: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka za ka yi a duka ƙarshen biyu. Idan daga baya ka ga wata kwamfuta tana nuna gudun 100 alhali sauran suna 1000, kusan kullum sili ɗaya ne bai kama ba. Gudun 100 sili huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai duk takwas ɗin sun taɓa. Yanke kan, ka sake matsewa.

Da ka kunna komai, rauta za ta ba kowace kwamfuta adireshinta na IP da kanta, irin 192.168.0.101, 192.168.0.102. Don ka gani, buɗe cmd a Windows ka rubuta ipconfig. Idan lambar ta fara da 169.254, kwamfutar ta nemi rauta ba ta ji amsa ba, sai ta laƙa wa kanta lamba. Ka duba kebul da suwic da rautar, kada ka ɓata lokaci kan kamfanin layi.

Firinta ita ce mai buƙatar kulawa ta daban. In tana da ramin kebul, soka ta a suwic, sannan ka shiga saitin rauta ka keɓe mata lamba ɗaya da ba za ta canja ba. In ba ka yi haka ba, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta na iya ba ta sabuwar lamba, kwamfutoci su ci gaba da aika aiki tsohon adireshi, kai kuma ka ɗauka firinta ce ta lalace. Idan USB kaɗai gare ta, haɗa ta da kwamfuta ɗaya ka buɗe wa sauran, da sharaɗin wannan kwamfutar ta kasance a kunne ko da yaushe.

Game da ƙwayar cuta, gaskiyar magana haɗin ba zai warkar da ita ba, zai ma iya ba ta hanya in ba a kiyaye ba. Ka ware kwamfuta ɗaya tak da za a riƙa soka filash ɗin kwastoma a jikinta, ka buɗe folda ɗaya kawai ta musayar aiki maimakon buɗe faifai gaba ɗaya. Idan har yanzu akwai mai Windows 7 a cikinsu, Microsoft ta daina aiko masa gyaran tsaro tun Janairun 2020, bai dace a riƙa shigar da bayanan ɗalibai a kansa ba.

Tambaya: Wayata tana nuna sabis a cike da alamar 4G, amma daga bayan isha'i ko hoto ba ya buɗewa. Da asuba kuwa kamar walƙiya. Wayar ce ta tsufa? — Ɗalibi, Katsina

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa, shaida kuwa ita ce asubar da ka ambata. Sandunan sabis ƙarfin muryar da ke tsakaninka da turken sadarwa kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ke rububin turken. Abin da turke ke iya ɗauka ƙayyadadde ne, rabawa ake yi tsakanin duk wanda ke kansa a lokacin. Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗayan dare kowa ya dawo gida yana kallon bidiyo, rabonka sai ya ƙanƙance, kamar famfon unguwa da kowa ya kunna lokaci guda.

Hanyar rarrabewa ita ce gwaji. Ka auna gudun da fast.com da asuba, da azahar, da dare, a wuri ɗaya, kwana uku a jere. Idan dare ne kaɗai ke faɗuwa, cunkoso ne, kuma sayen sabuwar waya ko eriya ba zai yi maganinsa ba. Sai dai ka gwada layin wani kamfani wanda turkensa bai cika ba a unguwarku, ka kuma mayar da manyan sauke-sauke zuwa asuba. Idan kuwa kowane lokaci a ƙasa yake, duba ƙarfin sigina na gaskiya a saitin waya, wurin bayanin SIM, inda ake rubuta lamba da dBm. A 4G, kusan -80 yana da kyau, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Rufin kwano da bangon kankare suna cinye sigina sosai, matsawa bakin taga kaɗai kan canja lambar.

Ka kuma lura da yadda ake karanta sakamakon. Mbps, ma'aunin gudun intanet da kamfanoni ke tallatawa, ba shi ne MB da kake gani a jikin fayil ba. Sai ka raba shi gida takwas. Gudun 10 Mbps yana sauke 1.25 MB ne a daƙiƙa, wato fayil mai 1 GB zai ci kusan minti 13.

Wani lokaci kuma matsalar ta yi nisa da kai da turken gaba ɗaya. Daga turke, saƙonka kan bi wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa, yawanci har Legas, inda manyan wayoyin teku suke sauka. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, bankuna ma suka ji a jikinsu. A cikin gida kuwa, masu aikin titi da masu haƙa kwalbati suna yawan tsinke wayar gilashi, gari guda ya wayi gari ba sabis.

Tambaya: Na sayi MiFi saboda yara da karatunsu, na sa data 40 GB na wata guda, ko mako biyu ba ta kai ba. Anya ba sace mana ake yi ba? — Uwargida, Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Hajiya, kafin mu zargi kowa, mu yi lissafi. Bidiyon da ke gudana a kan 1 Mbps yana shan 450 MB a awa. Mai haske sosai, irin 1080p, kan nemi kusan 5 Mbps, wato sama da 2 GB a awa ɗaya. Yara uku, kowa ya kalli awa guda a rana a wannan hasken, sun sha fiye da 6 GB. 40 GB ba za ta ga mako ba ma. Kuma YouTube da makamantansa, idan suka ga sabis da ƙarfi, da kansu suke ɗaga hasken ba tare da sun tambayi kowa ba.

Akwai kuma wata ɓaraka da ta keɓanta da MiFi. Wayoyi da kwamfutoci an saita su ne su jira sai sun hau Wi-Fi kafin su yi manyan ayyuka: sabunta manhajoji, ɗora hotuna a Google Photos, ajiyar WhatsApp, sabuntawar Windows. Su a wurinsu duk Wi-Fi mara iyaka ne, ba su san naki na awo ba ne. Dole a sanar da su. A Android, shiga saitin Wi-Fi, taɓa sunan MiFi ɗin, ki zaɓi a ɗauke shi a matsayin Metered. A Windows, cikin bayanan wannan Wi-Fi ɗin, ki kunna Metered connection. A Play Store ki hana sabuntawa ta kai tsaye. A WhatsApp, ƙarƙashin Storage and data, ki cire alamar bidiyo da takardu daga abin da ke sauka da kansa a kan Wi-Fi, domin guruf-guruf na dangi da na biki kaɗai sun isa su kwashe gigabait da yawa. A YouTube ki tsayar da haske a 360p ko 480p. A fuskar waya ya wadatar ga darasi.

Sannan ki duba ko akwai baƙo. Ki hau Wi-Fi ɗin, ki rubuta adireshin da ke jikin takardar bayan MiFi a burauza, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Za ki ga jerin na'urorin da ke haɗe. Ki ƙirga na gidanki. In sun ɗara, to yaro ya ba abokinsa kalmar sirri, abokin ya ba wani. Ki canja ta zuwa mai harafi 12 ko fiye, ki zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, ki kashe WPS, wato saitin da ke bari a haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ki kuma canja kalmar shiga saitin kanta, wadda sau da yawa admin ce tun daga kamfani.

Idan bayan wannan duka lissafin da MiFi ke nunawa ya yi nesa da na kamfanin layi, sai ki kira su a 300 ki karɓi lambar ƙorafi. In ba su warware ba, layin kyauta na hukumar sadarwa ta NCC shi ne 622. Ana duba ragowar data da *323# a kowane layi.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram. Wani ya turo mini hoton rasit, alat ma ya shigo wayata, na ba ɗan sahu kaya na naira dubu 185 ya kai masa. Da na je cire kuɗi babu ko sisi. Ta yaya alat zai shigo ba kuɗi? Ya zan kare kaina nan gaba? — 'Yar kasuwa, Kano

Amsa: Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Abin da ya shigo wayarki saƙon tes ne kawai, kuma tes ba kuɗi ba ne. Akwai hanyoyin tura saƙo da sunan da mutum ya ga dama a matsayin mai aikowa, har ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankinki na gaskiya. Hoton rasit kuwa ya fi sauƙi, minti biyu ya isa a gyara suna da adadi. Wasu ma rasit na gaske suke nunawa na kuɗin da aka tsara za su fita gobe, su soke bayan kaya sun bar hannu.

Shaida ɗaya ce tak: ki buɗe manhajar bankinki da hannunki, ko ki danna lambar USSD ta banki, ki ga kuɗin a jerin shige da fice, ragowar asusun ta ƙaru da daidai adadin. Tiransifa tsakanin bankunan Najeriya tana bi ne ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, kuma a ƙa'ida cikin daƙiƙoƙi take isa. Gaskiya ne takan maƙale wani lokaci, amma nauyin wannan yana kan mai turawa. Kowace tiransifa tana da lambar Session ID mai alƙaluma 30. Mai turawa zai kai ta bankinsa a bi sawu, kayanki kuma suna nan a shago har kuɗi su sauka. Duk wanda ya ce miki yana sauri, mota za ta tashi, ki dubi girman Allah ki saki kaya, to saurin nan shi ne makaminsa.

Akwai salo biyu da suka fi alat na bogi haɗari, domin a cikinsu kuɗin gaske ne ke shigowa. Na farko, ɗan damfara ya kwafi hotunan kayanki ya buɗe shafi, ya samu mai saye, ya ba shi lambar asusunki. Mai sayen ya biya ki, ɗan damfarar ya turo miki rasit a matsayin shi ya biya, ya karɓi kaya ya ɓace. Wanda ya biya bai ga kaya ba, sai ya kai ƙara, asusunki ne za a rufe. Maganinsa: sunan da ya fito a tiransifa ya dace da sunan wanda kike ciniki da shi. In ya ce ɗan'uwansa ne ya biya, ki nemi magana da ɗan'uwan ta waya kafin kaya su fita. Na biyu, a turo miki kuɗi fiye da na ciniki, ko a ce an yi kuskure, a roƙe ki ki mayar da rarar wani asusu daban. Kada ki mayar da kanki. Ki sanar da bankinki a rubuce, su mayar ta hanyar da kuɗin suka zo.

Ki ware asusun kasuwa daban da na cefane, ki riƙe littafi: rana, suna, lambar waya, kaya, adadi, da wanda ya kai. In ta tasha za ki aika, ki ɗauki bidiyon kayan lokacin ɗaurewa, ki karɓi lambar direba da ta mota, ki tura wa mai kaya.

Ki kuma tsare WhatsApp ɗin kansa, tunda shi ne shagonki. Ki kunna Two-step verification a saitin Account, ki sa lambar sirri mai alƙaluma shida da imel. Lambar da WhatsApp ke turowa ta tes ba a karanta wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga guruf ɗin 'yan kasuwa yake, za a sa ki a taron intanet. Da ita ake ƙwace layi a bi kwastomominki ana karɓar kuɗi da sunanki.

Wannan da ya riga ya faru, ki adana hirar da lambar wayarsa da hoton rasit ɗin, ki nemo ɗan sahun ya faɗi inda ya sauke kaya, ki kai rahoto ofishin 'yan sanda da wuri.

Tambaya: An ce in na ga alamar kwaɗo a saman shafi, to shafin amintacce ne, zan iya sa katina. Haka ne? — Ma'aikacin asibiti, Gusau

Amsa: Rabin gaskiya aka faɗa maka, Malam, kuma rabin da aka bari shi ne mai cutarwa. Kwaɗon da https suna nufin abin da ka rubuta a rufe yake tafiya, wani a hanya ba zai karanta ba. Ba su ce komai ba game da halin wanda ke karɓa a ɗaya ƙarshen. Takardar shaidar da ke kawo kwaɗon kyauta ake samunta a yau, ɓarawo ma yana da ita.

Sunan shafin za ka karanta, kuma daga dama ake karanta shi. Ka nemo karan tsaye na farko, wato /, bayan sunan, ka dubi abin da ya zo daf kafinsa, ta hagu. A sunanbanki.com/shiga, mai gidan shi ne sunanbanki.com. A sunanbanki.com.kyauta-yau.xyz/shiga kuwa, mai gidan kyauta-yau.xyz ne, sunan bankin ado ne aka liƙa a gaba. Ka kula da harafin da aka musanya, kamar sifili a gurbin o. Mafi aminci, kada ka shiga shafin biyan kuɗi ta mahaɗin da aka turo maka. Rubuta sunan da kanka.

Kamfanonin karɓar kuɗi na gaskiya kan nemi lambar kati, ranar ƙarewarsa, lambobi uku na baya, wani lokaci da PIN, sannan banki ya turo OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya. A shafinsu ake shigar da waɗannan, ba a faɗa wa mutum ta waya ko ta hira, ko da ya ambaci sunanka da BVN ɗinka daidai. Ka karanta saƙon OTP kafin ka kwafe lambar. In ya ambaci adadin da ba naka ba, tsaya. Shawararmu ita ce ka buɗe asusu na biyu da katinsa don sayayyar intanet kawai, ka riƙa zuba masa daidai kuɗin abin da za ka saya. Idan mai sayarwa ya ce kamfani ne, shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, ka duba sunan. In an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, rufe katin nan take, ka kai ƙorafi bankinka ka karɓi lamba. In mako biyu ya wuce shiru, sai Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Tambaya: Ina ɗinka huluna da jakunkunan fata. Wani yaro ya ce zai buɗe mini shafin intanet. Ina buƙatarsa kuwa, kuma me zan kiyaye? — Mai sana'ar hannu, Sakkwato

Amsa: Alhaji, idan masu sayenka duk ta waya suke zuwa kuma kana iya amsa musu da kanka, WhatsApp Business ya ishe ka tukuna, kundin kayansa yana ɗaukar har 500, kowanne da hoto da farashi, ba ka biyan ko kwabo. Shafi yana amfani ne lokacin da kake neman wanda bai san ka ba, musamman daga Legas ko ƙetare, wanda zai nemo kaya a Google ya biya da kati cikin dare kana barci.

Abu uku ne ke tayar da shafi. Suna, irin wanda ke ƙarewa da .com.ng ko .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi ta hannun dillalan da ta amince da su. Haya ce ta shekara-shekara, ba saye ba. Sai masauki, wato saba, kwamfutar da hotuna da rubutun za su zauna a kanta, shi ma haya ne. Sai hanyar karɓar kuɗi, irin Paystack ko Flutterwave. A tsarin Paystack na katin cikin gida, ana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in cinikin bai kai 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce 2,000. Jakar dubu 20 ke nan za a cire 400. Ka sa wannan a lissafin farashi.

Inda aka fi kuka shi ne rajistar suna. Yaron ya yi ta da imel ɗinsa, shekara ta zagayo ya tafi bautar ƙasa ko kun saɓa, sunan ya mutu ko ya zama nasa, duk katin kasuwanci da ka buga ya tashi a banza. Ka zauna kusa da shi a yi rajistar suna da masauki da asusun karɓar kuɗi da sunanka, imel ɗinka, lambar wayarka, kalmomin sirri kuma a hannunka. Ka rubuta ranar sabuntawa. Ku yi yarjejeniya a takarda kan wanda zai riƙa sabunta manhajar shafin, domin shafin da aka gina da manhajar WordPress aka bar shi ba gyara shi ake fara kutsawa. Hotuna kuma a matse su, kowanne kada ya wuce kimanin 200 KB. Hoton da waya ta ɗauka kan kai 4 MB, ashirin irinsa a shafi ɗaya 80 MB ne, mai saye zai rufe tun kafin ya ga hula ta biyu.

Tambaya: Da an ɗauke wuta rautata ke mutuwa. Zan iya sa mata fawa banki? — Mai POS, Azare

Amsa: Za ka iya, amma duba jikin cajarta tukuna. Yawancin rautoci 12V suke ci, ramin USB na fawa banki kuwa 5V yake bayarwa, sai da kebul mai ɗaga wuta zuwa 12V, ko ƙaramin UPS na rauta, wato batirin ajiyar wuta, mai ramukan 9V da 12V. Bolt dole ya zo daidai da abin da aka rubuta; amfiya in ta ɗara ba laifi, in ta gaza rautar za ta riƙa mutuwa tana tashi. Fawa banki mai 10,000 mAh yana riƙe da kimanin 37 Wh. Rauta mai cin wat 8 za ta yi kusan awa uku da rabi zuwa huɗu a kansa bayan an cire asarar juyin wuta. In kana son yini guda, nemi mai 30,000 mAh. Kada ka bar batirin a rana ko cikin rufaffiyar kwantena lokacin bazara, kuma duk wanda ka ga ya kumbura ka daina caja shi daga ranar.